Kuncin Yaya na Hagu

Yaya tana tsugune a bakin famfo tana wanke kayan makarantar yara, sai ta ji wani abu ya soke ta can cikin kunnen hagu, ya gangaro ta muƙamuƙi ya tsaya a matauninta na ƙasa. Ta saki rigar da ke hannunta ta dafe kunci da hannu mai kumfa. Da ya lafa, ta ɗauraye fuska ta ci gaba da wanki, don rana na neman yi kuma ba a ɗora abinci ba.

Kwana tara ta yi tana daurewa kafin ta je wurin ƙaninta.

Ba nisa za ta yi ba. Kemis ɗinsa a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta ciki. Duk layin Dakta suke ce masa, shi ma har ya manta da wani suna. Bai taɓa kwana ɗaya a makarantar likitanci ba, amma yana da farar riga mai aljihu uku, da abin sauraren ƙirji da yake ratayawa a wuya tun safe, ko da sabulun wanka aka zo saye. Yaya ce ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Da mijin Yaya ya rasu, shi ya ɗauko ta ya ce ta zo ta huta a gidansa. Hutun shi ne girki da wanki da shara da renon yara uku, shekara ta shida ke nan.

Ta leƙo ta ƙofar ciki ta ce, "Auta, in ka samu sarari..."

Ya juyo ya watsa mata harara, don akwai mutum biyu a gaban kantar shagon.

"Dakta," ta gyara da sauri. "Kunnena ne da haƙori, ɓarin nan kaɗai. Yau kwana tara."

Bai ko matso ba. Yana ƙirga wa wani ƙwayoyi a ƴar leda ya ce, "Sanyi ne. Fankar nan da kike kwana a ƙarƙashinta ce. Ki rage ta." Ya kalli mutanen ya yi murmushi. "Tsofaffinmu ke nan, sai ka yi ta fama."

Ɗakin Yaya ba fanka. Tun bara waccan aka cire ta aka kai falo. Ta buɗe baki za ta tuna masa, sai ta ga mutanen suna kallonsa da sha'awa, ta karɓi ƙwayoyin ta koma ciki.

Bayan wata guda ciwon yana nan, har ya samu wurin zama. Yanzu ba suka yake yi ya tafi ba, ci yake yi a hankali kamar garwashi a ƙarƙashin toka, in ta haɗiyi abu kuma sai ya harba cikin kunne. Dakta ya ce datti ne ya toshe kunnen, ya ba ta maganin ɗigawa. Da kwalba biyu suka ƙare ya ce tsohuwar mura ce ta taru a ƙashin fuska, ya ba ta kafso ja da baƙi. Da kafson ya ƙare ya ce ai daman ya yi zargin tana cizon haƙora a cikin barci. Kowane dalili da ƙarfin gwiwarsa yake kawo shi, kamar na baya ba daga bakinsa ya fito ba. Kuma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa ɗaukar tocilar da ke kan kantarsa ya ce mata buɗe baki in gani ba.

Matarsa, wadda yaran layi ke kira Madam, a wani ofis take aiki. Ƙarfe bakwai ta fice da jaka da ƙamshi, sai yamma. Ita nata binciken ya fi na mijin sauƙi.

"Ni fa na lura da ciwon nan na Yaya," ta ce wata ranar Lahadi, tana gyara farce a falo, da murya yadda za a ji a kicin. "Ba ya tashi sai an ce za a yi baƙi, ko an tara wanki. Ciwo mai ilimi ke nan, ya san kalanda."

Dakta ya yi dariya har da buga cinya. Yaya tana tsaye gaban tukunya, ta ɗaure kai da kunci da tsohon ɗankwali, tururi na dukan fuskarta, kowane bugun zuciya tana jin sa a cikin kunne. Ta sauke tukunyar ta zuba musu.

A wata na biyar Dakta ya yanke hukunci: haƙori ne. Ba asibitin haƙori ya kai ta ba, wurin wani abokinsa ya kai ta, mai cire haƙori a wani ɗaki bayan kasuwa, da tsohuwar kujerar aski da kwano cike da filaya. Mutumin ya ce, "Wanne ne, Mama?"

"Duk ɓarin ne, ɗan nan. Har kunne."

Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya ƙwanƙwasa na kusa da shi, ya zaɓi wanda ta fi yamutsa fuska a kansa. Da ya fizgo shi ya ɗaga sama, haƙorin fari tas, ba rami ba tsaga. Ya juya shi ya sake juyawa, ya kalli Dakta.

"Daga ciki yake ruɓewa," in ji Dakta. "Irin wannan ya fi haɗari."

"Haka ne," in ji mai cire haƙori, ya jefa shi a kwano.

Da allurar kashe zafin da aka yi mata ta sake ta, ciwon ya dawo inda yake, ya tarar da sabon rami ya ƙara da shi. Bayan sati shida suka koma aka cire na biyu, shi ma lafiyayye. A zuwa na uku mai cire haƙorin ya yi ya yi ta buɗe baki sosai, ta kasa, yatsa biyu kawai ke shiga. Ya ajiye filayarsa ya ja Dakta gefe, amma Yaya ta ji shi.

"Ni kam na cire hannuna. Wannan ba na haƙori ba ne. Ka kai ta babban asibiti."

A hanyar dawowa Dakta ya yi ta tsaki a mota. "Jahilin banza. Mutumin da ko sunan jijiya ɗaya bai sani ba zai koya mini aiki. Laifina ne da na ɗaga shi."

"To ko mu je asibitin, Auta?" ta ce ta gefen baki, da auduga a kunci.

"Ki je ki bi layi tun asuba, su ba ki abin da yake cike da kantata? Kuma a ce yayar Dakta ce zaune a benci? Me kike so mutanen layi su ɗauke ni? Ki bar mini, na gano shi yanzu. Jijiya ce."

Aka shiga maganin jijiya. Wannan yana sa ta jiri, har ta taɓa faɗuwa da bokitin ruwa a tsakar gida. Madam ta ce shekaru ne.

Abinci ya fara gagarar ta. Da farko tana tauna da ɓarin dama, a hankali, kai a karkace. Daga baya shinkafa ma ta zama kamar tsakuwa a maƙogwaro. Ta koma shayi da burodin da ta jiƙa har ya narke, shi ma sai ta rintse ido kafin ya wuce. Amma ita ke dafa wa gida sau uku a rana, tana soya nama tana jin ƙamshinsa. Ɗanɗana miya ya zama azaba, sai ta riƙa zuba gishiri da ƙiyasi.

"Yaya, in kin gaji da yi mana girkin ki faɗa," in ji Madam, ta ture faranti. "Jiya lami, yau kamar an juye buhu. Ba sai kin huce a cikinmu ba."

Sai kuma wari ya zo. Yaya ta riga kowa jin sa, tana kurkure baki da ruwan gishiri sau biyar sau shida, wani lokaci ta tofar ta ga zaren jini. Madam ba ta yi mata magana ba. Kawai dai wata safiya Yaya ta tarar an ɗaura jan zare a hannun kofi ɗaya da cokali ɗaya an ajiye su daban a kan taga. Yaran kuma aka ce su daina hawa cinyar Gwaggo, ba a san me take ɗauke da shi ba. Ba a san me take ɗauke da shi ba, amma ba a hana ta yi wa ƙaramar wanka da goya ta wuni guda ba, don wannan aiki ne.

Da wani ƙullutu ya fito a ƙarƙashin muƙamuƙinta, mai tauri kamar ƙwallon dabino, ta kama hannun ƙaninta da kanta ta ɗora a kai. Ya danna sau ɗaya ya janye hannu ya goge a farar rigarsa.

"Kaluluwa ce, saboda haƙoran da aka cire. Za ta baje. Matsalarki Yaya tunani. Kin sa abu a rai. Tunani kaɗai yana kawo duk wannan, a rubuce yake."

Sau ɗaya ta yi ta maza. Wata Talata ta tashi ta gama komai da wuri, ta yi wanka ta sa kayanta na fita, ta tsaya a bakin ƙofar falo ta ce yau za ta je asibiti ko ita kaɗai ce. Madam tana saka takalmi ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa.

"Yau? Haba Yaya, sai ka ce da gayya. Ina da taro ƙarfe tara. Yarinyar fa, a kan kantar kemis zan ajiye ta? Wa zai karɓi yara in an tashi? Ki bari Asabar, ni da kaina zan kai ki."

Ta miƙa mata yarinyar ta fice. Asabar ta zo, Madam ta tafi gyaran gashi. Ta gaba aka yi baƙi. Ta gaba da ita mota ta ƙi tashi. Yaya ta ninke kayan fitarta ta mayar akwati.

Akwai wata tela a gidan da ke jikin nasu, babbar mace mai murya kamar ta maza, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Yaya ta kai mata riguna biyu a rage, don sun fara zamewa daga kafaɗa. Telar ta zagaya ta da tef, ta duba lambar, ta sake zagayawa.

"Ke Yaya, wannan awon ƴar shekara goma sha biyu ne. Cire ɗankwalin nan in gan ki."

Da ta ga wuyan, da kuncin da ya faɗa, da yadda Yaya ke magana haƙora a haɗe, sai ta jefar da tef ɗin ta zura silifas ta nufi kemis. Yaya ta bi ta tana ba ta haƙuri.

"Dakta, wata nawa matar nan tana ciwo?"

"Ana kan magani," ya ce, yana gyara abin wuyansa. "Irin wannan a hankali yake tafiya."

"A hankali take tafiya dai, ita. Ka dube ta mana! Kai ba ka ganin ta ne don kullum tana bayan tukunya?"

"Malama, ke zare da allura kika sani. Ni na taɓa zuwa na ce miki ga yadda ake yanka wuyan riga?"

"Ni in na ɓata riga nakan ce na ɓata."

Ya ce ta fita masa daga shago. Da yamma ya shiga ciki ya yi wa Yaya faɗa kamar ƴarsa, ya ce tana yawo da shi a unguwa, tana nuna wa duniya ba ya kula da ita, shi da ya ɗauko ta ya ba ta ɗaki. Yaya ta ba shi haƙuri.

Washegari da Madam ta fita, telar ta shigo ba sallama mai tsawo. Ta ɗauki ƙaramar ta goya, ta buɗe akwatin Yaya ta ciro kayan fitar, ta kwashe duk fankon magungunan da ke kan taga ta zuba a leda. "Tashi. In ya yi magana ki ce ni na sace ki."

Sun yi awa huɗu a benci kafin a kira su. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ƴar da Yaya za ta haifa ba. Ta leƙa kunnen da ƴar fitila ta ce kunne lafiyarsa lau. Ta shafa wuyan da yatsu biyu, ta daɗe a kan ƙullutun. Sannan ta ce, "Mama, buɗe iya yadda za ki iya," ta danne harshe ta haska. Ba ta yi minti ɗaya ba ta kashe fitilar. Abin da aka yi wata goma sha huɗu ana yi wa laƙabi, haskawa ɗaya ya ishe shi.

"Akwai gyambo a gindin harshenki, ta hagu," ta ce a hankali. "Jijiyar wurin da ta kunne hanyarsu ɗaya, shi ya sa kike jin sa a kunne da haƙori. Za mu yanki kaɗan mu auna. Wa ke kula da ke a gida? Ina son ganin sa."

Ranar da sakamako ya fito Dakta ya zo, telar ma ta rako Yaya. Yaya ta lura ya bar farar rigar da abin wuyan a mota. Ya zauna a gaban likitar ya haɗa gwiwoyi kamar ɗan makaranta.

"Tun yaushe take wannan ciwon?"

"To... bai fi sati biyu zuwa uku da ya yi tsanani ba."

Likitar ta duba takardar gabanta. "Ita ta ce wata goma sha huɗu. Ramukan haƙoran da aka cire ma sun fi wata shida da warkewa." Ta jawo ledar da telar ta kawo ta zazzage a kan tebur, fankon ƙwayoyi da kwalabe suka baje har wasu suka zubo ƙasa. "Wa ya yi ta ba ta waɗannan?"

Dakta ya kalli tarin, ya kalli bango. Ya share murya.

"Wani mai kemis ne a unguwarmu," ya ce. "Kin san mutanenmu da son sauƙi."

Telar ta yi wata dariya guda ɗaya, marar daɗi. Yaya kuwa ta zuba wa ƙaninta ido. Tana ganin tabon da ke goshinsa, na ranar da ya faɗo daga bayanta yana ɗan shekara biyu, ta yi kwana uku tana kuka ta ɗauka ta kashe shi. Ta daɗe tana kallon tabon. Wani abu ya huce a ƙirjinta, ya yi sanyi ƙalau, bai sake ɗumi ba.

"Ciwon daji ne," in ji likitar. "Yawancin masu ciwon ɓari ɗaya irin wannan, haƙori ne ko gaɓar muƙamuƙi ko jijiya, abin da ake magancewa. Amma duk wanda ya wuce sati uku bai tafi ba, dole a haska a duba. Da a watannin farko aka kawo ta, ƙaramin aiki ne. Yanzu ya sauka wuya. Za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma ba zan yi muku alkawari ba. In ka san mai kemis ɗin nan, ka gaya masa abin da ya yi."

"Insha Allahu zan same shi," in ji Dakta.

An yi aikin bayan kwana goma sha ɗaya. An cire rabin harshen, an buɗe wuya, an zura roba ta hanci don abinci. Yaya ta farka ba ta da magana, kuma likitoci ba su ce ga ranar da za ta dawo ba. A gida kuwa cikin kwana uku aka samo mai aiki, Madam na ta ƙorafin ba ta iya guga ba.

Ranar Lahadi da yamma aka cika gefen gadonta: dangi, maƙwabta, da wasu dattawan layi. Dakta ya zo da farar rigarsa wannan karon, don ya san likitar ba ta aiki ranar. Ya tsaya a kan Yaya yana yi wa mutane bayani, yana nuna wuyansa da yatsa, yana ambaton jijiyar da ta haɗa harshe da kunne kamar shi ya gano ta.

"Ni tun farko jikina ya ba ni ba haƙori ba ne," ya ce. "Amma kun san Yaya da zurfin ciki. Ba ta faɗa. Ka ce a je asibiti, ta ce ita ba ta son asibiti. Ba yadda ban yi da ita ba. Har faɗa muka yi."

"Wallahi kuwa," in ji Madam, tana goge ido da gefen mayafi. "Asabar nawa ina cewa ta shirya in kai ta."

Wani dattijo ya jinjina kai. "Allah Ya saka maka, Dakta. Ba kowane ƙani ne zai tsaya haka ba."

Dakta ya sunkuyo da fuskar tausayi ya dafa hannunta. "Ai ta gane yanzu. Ko ba haka aka yi ba, Yaya?"

Duk suka juyo suna kallon ta. Wuyanta a naɗe yake da bandeji, an ce kada ta motsa shi. Ta zare hannunta daga ƙarƙashin nasa. Sannan ta juya kai zuwa dama, a hankali, ɗinkin na ja kamar zai tsage, ta dawo da shi hagu, ta sake maimaitawa har sau uku, idonta a cikin nasa. Gumi ya keto mata, ɗigon jini ya ɓullo a jikin bandejin.

Dattijon ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wata ƴar'uwa ta kama baki.

Madam ce ta fara samun murya. "Allah sarki," ta ce, tana gyara mata bargo. "Allurar barcin ce ba ta gama sakin ta ba."

"Haka take yi," in ji Dakta da sauri. "Tana kai sati a jiki."

Mutanen suka ce Allah Ya sawwaƙe, suka fara neman takalmansu.